Nana Asma'u 'Yar Shehu: Uwar Gari, Kakar Waziran Sakkwato

 Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi kowa ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa domin fitowar bana, sai na ga ba ni da abin da ya fi in kawo tarihin wata uwa wadda dukkanmu muke da rabo a cikinta, ko mun sani ko ba mu sani ba. Ba na jin an taɓa yin wani aji a makarantarmu da babu Asma'u a cikinsa, wata a ce mata Ma'u, wata a ce mata Nana. Amma a darasin tarihi, abin da muka haddace domin jarrabawa shi ne sunayen maza: Shehu Usmanu, da Malam Abdullahi, da Muhammadu Bello, da masu tuta, da shekarun yaƙe-yaƙe. Ita kuwa layi ɗaya ko biyu ne rabonta. Ba laifin malamanmu ba ne, abin da manhaja ta ba su ke nan. Sai da na shiga jami'a na sami damar karanta ayyukanta, kuma tun daga lokacin nake ɗaukarta tamkar kakata.

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Ɗagel, wani ƙauye da ke ƙarƙashin Sarkin Gobir a wancan zamani, yanzu kuwa yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada da Usaina za a sa mata, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a kogo lokacin hijira. Cikin ikon Allah, shekara goma sha ɗaya bayan haka ita ma ta yi tata hijirar.

Mahaifiyarta Maimuna, uwargidan Shehu kuma 'yar'uwarsa ta jini, ta rasu tun Asma'u tana ƙarama ƙwarai. Saboda haka a hannun abokan zaman mahaifiyarta ta tashi, wato A'isha da ake kira Iya Garka, da Hauwa'u da ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello. Mu da muka saba jin labarin kishiyar uwa da marainiya a tatsuniya, ya kamata mu ɗan tsaya a nan. Bayan shekara arba'in, da Asma'u ta zo jera sunayen mata salihai na duniyar Musulunci a cikin waƙa, ta sa waɗannan mata biyu a sahun, ta yabe su da ibada da kyauta da kyawun hali. Yarinyar da aka wulaƙanta ba ta yin haka. Kuma daga wannan reno ne shaƙuwarta da Bello ta samo asali, duk da cewa ba ɗakinsu ɗaya ba, kuma ya girme ta da kimanin shekara goma sha biyu.

Gidan da ta buɗe ido a cikinsa makaranta ne. Shehu ya daɗe yana faɗa da malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci a cikin gida, kuma ya rubuta wannan ƙorafi a littafinsa Nurul Albabi. Tun kafin a haife ta wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki Shehu a kan barin mata su halarci wa'azinsa, Malam Abdullahi ya mayar masa da amsa cikin waƙar Larabci, inda ya nuna barin mata cikin jahilci shi ne ɓarnar da ta fi girma. To, a irin wannan gida ba a tambayar ko yarinya za ta yi karatu. Yayarta Hadiza malama ce ta sosai. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da hadisi da tasawwufi na ɗariƙar Ƙadiriyya, ta naƙalci Larabci. Fulatanci shi ne harshen gida, Hausa harshen gari, kuma tana jin harshen Buzaye. Da uku daga cikin waɗannan harsuna ta yi rubutu.

Sai dai ƙuruciyar ba ta yi tsawo ba. Zaman jama'ar Shehu da sarakunan Gobir ya soma tsami tun zamanin Nafata, wanda ya hana maza naɗa rawani da mata yin lulluɓi, ya kuma hana kowa wa'azi in ba Shehu ba. Da Yunfa ya hau, abin ya ƙara lalacewa, har ya kai ga a watan Fabrairu na 1804 jama'a suka tattara suka bar Ɗagel zuwa Gudu. Daga cikin abin da aka fi kula da shi a wannan ƙaura akwai littattafan Shehu, waɗanda aka ɗora wa raƙuma da taimakon wani Buzu mai suna Agali. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana kallo manya suka bar gidaje da gonaki, amma ba su bar takardu ba. Ina ganin wannan darasi bai taɓa fita daga ranta ba.

A aji mun koyi cewa an yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, an ci Alƙalawa a 1808, shi ke nan sai mu rufe littafi. Abin da ke tsakanin waɗannan shekaru biyu shi ne abin da mata da yara suka gani. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe kimanin mutum 2,000 daga jama'ar Shehu, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Daga nan aka yi ta yawo, daga wannan sansani zuwa wancan, aka zauna Sabon Gari a ƙasar Zamfara, aka koma Gwandu a 1805, aka sha kashi a Alwasa har abokan gaba suka iso bakin Gwandu. Ga yunwa, ga annoba, ga gawawwaki, ga gwauraye da marayu. Shekarun da mu muka yi muna ƙorafin abincin makaranta da tashin asuba, su ne shekarun da ita ta yi tana tafiya a ƙasa daga wannan daji zuwa wancan, ba ta san inda za a kwana gobe ba. Duk wanda ya karanta waƙoƙinta na baya zai ga cewa ta san yaƙi ta fuskar da mayaƙa ba su cika faɗa ba.

Cikin wannan hali, wajen 1807, aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello na ƙut-da-ƙut, malami mai zurfin Larabci. Ya girme ta nesa ba kusa ba. Amma auren ya yi albarka, domin sun zauna tare fiye da shekara arba'in, kuma abokan aikin juna ne a fagen ilimi har ƙarshe. Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa na 'yan shekaru, sannan ya komo Sakkwato a 1815. A watan Afrilu na 1817 Allah ya yi wa Shehu rasuwa, kuma kafin shekarar ta fita ɗan tagwaicinta Hasan ya bi shi. Tana da shekara ashirin da huɗu. Aka yi wa Bello mubaya'a, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa, Asma'u ta zama 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri.

Mace mai irin wannan matsayi tana iya miƙe ƙafa ta huta, babu mai ce mata don me. Ita kuwa sai ta ɗauki aikin da ba shi da daɗi kuma ba a yabon mai yinsa: tattara rubuce-rubucen mahaifinta da suka sha yawo a cikin gafaka a bayan raƙuma shekara da shekaru, da tantance su, da sa a kwafe su. Ni da nake aikin ofis, na san yadda fayil ɗin bara kawai yake ɓata a rasa inda ya shiga, ko a tarar gara ta cinye rabinsa. Su kuwa ba su da kabad ɗin ƙarfe, ba su da injin buga takarda, takardar ma sai an ƙetaro da ita hamada daga Arewacin Afirka ake samunta da tsada, kuma kowane kwafi da hannu ake rubuta shi da alƙalamin kara. Yawancin abin da muke taƙama da shi yau na littattafan Shehu, ta hannun wannan gida na Giɗaɗo ya biyo.

Kada kuma a manta gida ne na Waziri, wanda baƙi ba sa yankewa a cikinsa. Manzannin sarakunan Kano da Zazzau da Katsina da Bauci, da malamai matafiya, da fatake Larabawa, duk nan suke sauka, kuma kowa sai an ba shi masauki da abinci. Baturen nan ɗan ƙasar Birtaniya, Kyaftin Kilafatan, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, a hannun Giɗaɗo ya sauka a 1824, ya sake dawowa a 1826, ya mutu a Sakkwato a 1827. A cikin littafin tafiyarsa ta farko ya rubuta cewa yana garin wani ɗan Waziri, wanda mahaifiyarsa 'yar'uwar Bello ce, ya rasu da ciwon agana bayan har an ɗauka ya warke. Baturen bai ambaci sunan uwar ba, bai kuma san wace ce ita ba. Amma mu mun san uwar da ta yi wannan rashi. 'Ya'yanta duk maza ne, waɗanda suka rayu kuwa su ne Abdulƙadir da Ahmadu da Usmanu da Abdullahi Bayero da Muhammadu Laima. Bayan nata na cikinta, ta kula da tarbiyya da karatun autan Shehu, Isa, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ne daga baya ya riƙe Kware, ya kuma mayar da waƙoƙinta da dama daga Fulatanci zuwa Hausa.

Cikin goyo da hidimar baƙi ta fara rubutu. Aikinta na farko da aka san shekararsa shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. A 1822, lokacin da Gobirawa da Buzaye suka matsa wa Sakkwato har hankalin mutane ya tashi, Bello ya aika mata da 'yan baitoci da ya gina a kan harufan ayar nan ta Suratul Inshirahi mai albishir da sauƙi bayan tsanani, ita kuma ta mayar masa da nata baitocin da Fulatanci bisa wannan tsari. Wa da ƙanwa ke nan suna ƙarfafa wa juna zuciya ana tsakiyar tsoro. A 1829 ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kacal da Fulatanci, ta mayar da ita Hausa a 1838, sannan Larabci a 1850. Malamanmu za su fi kowa gane hikimar da ke nan. Macen da ba ta iya karatu ba, in ta haddace wannan 'yar waƙa tana daka ko kaɗi, ta riga ta san fasalin Littafin gaba ɗaya, kuma an buɗe mata ƙofar tambaya.

Akwai aikinta guda da nake so 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati su neme shi su saurara, wato Tabbat Haƙiƙa. Asali Shehu ne ya yi waƙar da Fulatanci, ita ta mayar da ita Hausa a 1831, daga baya Isa ya yi mata tahamisi. Waƙa ce ta gargaɗi ga masu riƙe da al'amuran jama'a: mai mulkin da ke cin dukiyar talakawa, da alƙalin da ke karkata hukunci, da mai karɓar rashawa, da mai ƙwace filin wani, da mai tauye mudu a kasuwa, kowanne an faɗa masa makomarsa ba tare da kwana-kwana ba. Abin lura shi ne lokacin da ta zaɓa. A 1831 ba sarakunan Haɓe ke mulki ba, 'yan'uwanta da 'ya'yan 'yan'uwanta da almajiran mahaifinta ne a kan gado. Muddin waƙar tana cikin Fulatanci, tsakanin masu mulki take yawo. Da ta koma Hausa, sai talakan da ake mulka ya sami ma'aunin da zai auna mai mulkinsa da shi. A ganina wannan ba ƙaramar jarunta ba ce daga matar Waziri.

Yanzu sai in zo ga aikin da ya sa ake kiranta Uwar Gari. Yaƙi bai ƙare da cin Alƙalawa ba. A 1836 aka yi babban karo a Gawakuke, inda Bello ya yi nasara, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Irin waɗannan yaƙe-yaƙe sun cika garuruwa da ƙauyukan Sakkwato da matan da aka kamo, an raba su da garuruwansu da danginsu, an kai su gidajen da ba su sani ba. Gaskiya ce mai ɗaci, kuma a cikinmu akwai jikokin ɓangarorin biyu, kowa da labarin da ya ji a ɗakin kakarsa. Ita Nana 'yar gidan masu nasara ce, ta yi waƙoƙin murnar cin yaƙi, ta yi addu'o'i masu zafi a kan abokan gaba, ba za a ɓoye wannan ba. Amma ita ce kuma ta dubi waɗannan mata, da sauran matan karkara da babu mai kula da su, ta ga mutane ne da ke da haƙƙin a karantar da su. Abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ko baƙin ciki ya same su shi ne bori, wanda a Gobir yake da shugaba mai ƙarfi, wato Inna, 'yar gidan sarauta. Nana ta gane cewa hani kaɗai ba ya raba mutum da abin da yake jingina da shi, sai an ba shi madadi.

Madadin shi ne 'Yan Taru, wanda ta tsara a wajejen ƙarshen shekarun 1830. Ga yadda abin yake aiki. A kowane ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, Nana ta naɗa ta jaji, wato jagorar ayari. Alamar naɗin ita ce malfa, wato malafar kaba, da jan ƙyalle da ake naɗawa a kanta. Ita wannan malfa irin wadda Innar Gobir ke sawa ce, saboda haka duk macen ƙauye da ta gan ta ta san alamar iko ce, sai dai yanzu ikon na ilimi ne. Jaji takan tattaro 'yan mata da ba su isa aure ba da kuma matan da suka gama haihuwa, su taho a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, har gidan Nana. Matan aure masu ƙananan yara ba a ɗora musu wannan wahala, suna gida, karatun ne zai je ya same su. Ayarin yakan zo da 'yar sadaka gwargwadon hali, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, Nana kuma ta rarraba wa makafi da guragu da gwauraye da marayu. Su zauna gabanta su koyi waƙa baiti-baiti, ta warware musu ma'ana, su yi tambayoyinsu, ta saurari matsalolinsu na gida ta ba su shawara. In sun koma, su bi gida-gida suna koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba.

Abin da ake koyarwa ba mai nisa ba ne: tsarki da alwala da salla da azumi, sanin Allah, tarihin Annabi (SAW), tsoron ranar hisabi, barin tsafi da gulma da ƙarya, da kyautata wa maƙwabci. Amma ba a tsaya ga baki ba. An san 'yan taru da jinyar marasa lafiya, da taimakon mai naƙuda, da wankan gawar mata, da koya wa yara karatu, da sasanta masu faɗa. A jami'a an koya mana sunaye masu nauyi na ilimin manya da yaƙi da jahilci da isar da ilimi karkara, kuma na sha zama a tarurrukan da ake kashe kuɗi masu yawa ana neman hanyar kai karatu ga matan ƙauye. Ita ta yi nata babu kasafin kuɗi, babu mota, babu allo ko alli, kuma ya rayu fiye da shekara ɗari bayanta. Sirrin, a nawa ganin, shi ne ba ta aika baƙo ya koyar da kowa ba. Matar da aka sani a garin, wadda ake kunyarta, ita ta ɗora wa malfa.

Domin waɗannan mata ta yi yawancin waƙoƙinta na Hausa. Da Bello ya rubuta wani littafi na nasiha da Larabci a kan mata salihai, ya nemi ta mayar da shi waƙa, sai ta yi da Fulatanci da kuma Hausa, ita ce Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Ta faro daga matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, ta gangaro har kan matan da masu sauraro suka sani da idonsu a Ɗagel da Sakkwato. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Da fari ya tsananta ta yi Roƙon Ruwa da Hausa domin kowa ya iya roƙo da harshen da yake ji. A ɗaya ɓangaren kuma, malamai na nesa sun san da zamanta. Da wani malamin ƙasar Shinƙiɗi, wato Muritaniya ta yau, Alhaji Ahmadu, ya biyo ta Sakkwato, da waƙar Larabci ta yi masa maraba, shi ma ya mayar mata da tasa.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Wannan rashi ya girgiza ta ƙwarai, domin shi ne wanta, malaminta, kuma abokin shawararta. Bayan haka Giɗaɗo ya ja jiki daga hidimar mulki, su biyun suka duƙufa ga rubuta abin da suka gani da idonsu kafin masu gani su ƙare. Shi ya rubuta Raudul Jinani a kan Shehu da jama'arsa, da wani littafin a kan Bello. Ita ta yi waƙa a kan halayen Bello, wadda a cikinta ba ta damu da lissafa garuruwan da ya ci ba, sai adalcinsa da tsantseninsa ga dukiyar jama'a, abin da ya zama tamkar madubi ga waɗanda suka gaje shi. A 1839 ta yi Filitago, tarihin hijira da jihadi cikin waƙar Fulatanci, wadda Isa ya mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye.

Idan ana son a san zuciyar Nana, sai a duba marsiyyoyinta. Allah ya ba ta tsawon rai, kuma mai tsawon rai shi ke binne nasa. Ta yi wa baffanta Malam Abdullahi na Gwandu, ta yi wa Bello, ta yi wa ɗan'uwanta Buhari, ta yi wa mijinta Giɗaɗo wanda ya rasu wajen 1850. Ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Bello, har guda biyu a 1855, kuma a nan ne aka fi jin kukan zuciyarta, domin tun suna yara suke tare. Waɗannan duk manya ne, ba abin mamaki ba ne a yi musu waƙa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sauran. Ta yi Alhinin Mutuwar Halima, wata maƙwabciyarta, ta yabe ta da haƙuri da zumunci da gyara tsakanin mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda aikinta shi ne zuwa wurin masu haihuwa da wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin matan da ta naɗa jaji, wadda ta yi shekaru tana kai da kawowa da ayarinta har tsufa ya cim mata. Ba don alƙalamin Nana ba, da babu wanda zai san an taɓa yin waɗannan bayin Allah. Kuma a duk marsiyyoyin ba za ka ji ta yabi mutum da dukiya ko asali ko kyau ba, sai da abin da ya yi wa mutane.

Ta ga zamanin Shehu, da Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Ɗanta Abdulƙadir ya riƙe waziranci daga 1842 zuwa 1859, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, domin shi ma marubuci ne. Bayansa aka naɗa ɗansa Ibrahim Halilu, saboda haka tana raye ta ga jikanta a kan kujerar mijinta. Duk da tsufa ba ta ajiye alƙalami ba. Tana kusa da shekara saba'in tana tsara wa masu fara karatu waƙoƙin Hausa a kan sanin Allah da tashin ƙiyama, kuma a 1863 ta yi marsiyyar wata 'yar danginta mai suna Faɗima. A shekarar 1864 Allah ya karɓi abinsa, tana da shekara saba'in da ɗaya. Aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, Isa ya yi mata marsiyya.

Ƙanwarta Maryamu, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da karɓar 'yan taru, bayanta kuma sai 'yarta Ta Modi. Waziranci bai bar zuriyar Nana ba. Ɗanta Abdullahi Bayero ya riƙe daga 1874 zuwa 1886, sannan jikanta Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu, wanda a kansa nauyin jama'ar Sakkwato ya faɗa a watan Maris na 1903, lokacin da Turawa suka ci garin, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas. Ɗan Buhari shi ne Waziri Junaidu, wanda ya riƙe muƙamin daga 1948, kuma a ɗakin karatunsa da ke unguwar Giɗaɗawa aka adana yawancin takardunta. Shi ya buɗe wa wata malama 'yar Ingila, Jean Boyd, wadda ta zo Nijeriya a 1955 ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, waɗannan takardu. Ta bi ƙauyuka ta tarar da tsofaffi masu malfa suna rera waƙoƙin Nana da ka, ta fitar da tarihinta a 1989. Daga baya ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta kimanin 60 a littafi guda, tare da hoton rubutun asali da fassara, aka buga shi a Amurka a 1997, shekarar da Waziri Junaidu ya rasu. Har yau mata suna tahowa ziyara Hubbare daga garuruwa na kusa da na nesa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.